Ɗorawar Yaya Abu da Mukulli na Uku

Akwai maganar da ake yi a kaina a garin nan, kuma na san kun ji ta ko da ba ku faɗa mini ba. Ana cewa wai ni Hamisu, da na tsufa ina raba rigimar gona tsakanin mutane, da abin ya zo kan ɗan ƙanena sai na yi gum da bakina da gangan har ya ci. Ƙarya ce. Sai dai ban taɓa samun wanda ya saurare ni daga farko har ƙarshe ba, domin duk sanda na fara bayani nakan kai wani wuri inda ni kaina ban gane abin da ya faru ba, mai sauraro kuma ya ɗauka kame-kame nake yi. To ku 'ya'yana ne, ba ku da wurin gudu. Zan faɗa muku abin da na sani, inda ban gane ba kuma in ce muku ban gane ba.

Kun san yadda ƙasarmu ta Bagwai take, ba mu da daji. Ka fita daga gonar wani ka faɗa ta wani, layin gamba ne kawai a tsakani, shi ma in ka yi sake maƙwabcinka ya ci maka kunya guda da fartanya ya ce tun zamanin kakansa haka take. Saboda haka rigimar gona ba ta ƙarewa, kuma ba kowa ke son zuwa gaban alƙali da ɗan uwansa ba. Ni aka saba kawo wa, kamar yadda aka saba kawo wa mahaifina. Abin da na koya a wurinsa bai da yawa. Kada ka yanke magana a ranar da aka kawo ta. Ka ji kowa shi kaɗai. Ka bar mutum ya kwana da fushinsa har fushin ya gaji da shi. Sannan ka nemo wanda yake jin nauyi, ko kawunsa ko malaminsa, ka bi ta nan. In lokaci ya yi kuma, ka raba abin yadda ba wanda zai koma gida hannu rabbana, matarsa ta tambaye shi ya rasa amsa. Gaggawa aikin shaiɗan ce, haka na taso na ji, haka kuma na yi aiki da shi har gemuna ya yi fari.

Da mahaifinmu ya rasu aka zo rabon gado, mu uku ne: yayarmu Abu, wadda kuke kira Goggo, sai ni, sai ƙanena Sule, Allah ya ji ƙansa. Yaya Abu ta ce ita ba ta da mai yi mata noma, a rage mata a ƙasa a ba ta ɗorawar da ke tsakiyar gonar yamma. Aka yi haka a gaban shaidu. Gonar ta faɗo a kason Sule, ɗorawar ta zama ta Yaya. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Ƙasa daban, itace daban. Kana iya sayar da gona sau uku, ɗorawa ko tsamiyar da ke cikinta tana nan ga mai ita, ba ma a ambatarta a ciniki saboda kowa ya sani. Da wannan itaciya Yaya ta riƙe marayunta bayan mijinta ya rasu. In ta nuna sai ta je da doguwar gora ta kaɗo, yara su sha garin har bakinsu ya yi rawaya, ita kuma ta dafa kalwar ta yi daddawa, ɓawon ma ba ta yar da shi, masu daɓe na saye. Har daga Ɗambatta ake aiko wa a sayi daddawar Abu. In tana dahuwa unguwa duka sai ta sani, uwarku Rabi takan toshe hanci tana mita, amma ita ce ta farkon aikawa da kwano.

Bayan rasuwar Sule gonar ta koma hannun ɗansa Nura. Nura ba manomi ba ne, tun yana ƙarami in ka ba shi fartanya sai ka ce ka ba shi maciji. Ya ce zai sayar ya sayi adaidaita sahu a Kano. Na yi faɗa, na yi lallashi, na ce ƙasa ba ta tsufa, ba ta faɗawa rami, ba a kama ta a titi. Bai ji ba. Mai sayen kuma ba bare ba ne, Auwalu ne, ɗan farin aminina Malam Garba. Yaron ya tafi Jidda tun gemu bai fito masa ba, yana aiki a can, ya daɗe bai taka garin nan ba, yana son ya mallaki ƙasa a gida. Na ce to, tunda za ta fita daga gidanmu gara ta faɗa gidan Garba.

A shekarar da takardun kuɗi suka yi ɓatan dabo ne, mutum yana da abinsa a banki amma ba ya iya sayen gishiri. Wata rana da hantsi Nura ya shigo ya durƙusa, waya a hannu.

"Baba, ni da Auwalu mun zaɓe ka alƙali."

Na ce, "Alƙalin me? Faɗa kuka yi?"

"Ba mu yi ba. Ko da za mu yi ne."

"Kai Nura, ka taɓa ganin an kira mai ɗori kafin a karye?"

Ya yi dariya ya gyara zama ya fara bayani. Wai Auwalu ba ta banki zai turo kuɗin ba, da kirifto zai biya, kuɗin intanet. Wai za a zuba su a wani akwati mai mukulli uku, ɗaya na Nura, ɗaya na Auwalu, ɗaya nawa, kuma sai an haɗa biyu akwatin ke buɗewa. In ciniki ya tafi lafiya su biyun su haɗa nasu, ni ba ruwana. In suka saɓa, duk wanda na ɗora mukullina a kan nasa shi ya ɗauka. Na ce to a ina akwatin yake, Kano ko Jidda? Ya ce ba a ko'ina yake ba. Na ce to babu shi ke nan. Ya ce a'a, yana ko'ina, a kan wani abu wai shi bulokcen, na'urori ne birjik a duniya kowacce ta shaida, ba mai iya sata, ba mai iya gogewa. Uwarku tana tankaɗe a tsakar gida, ashe kunnenta na wurinmu.

"Malam, abin da ba ya ko'ina kuma yana ko'ina, mu dai aljanu muka sani da wannan."

Nura ya ce, "Inna, ai shi ya sa ya fi banki. Babu mutum a ciki."

Na riƙe wannan maganar ina juya ta, ban ga inda rashin mutum ya zama abin yabo ba. Na je na tambayi liman ko abin ya halatta, ya ce malamai sun saɓa, wasu sun hana wasu sun bari, shi kuma bai gama fahimtar abin ba balle ya ɗauki ɓangare. Na dawo da ruɗanin da ya fi wanda na tafi da shi. Abin da ya sa na yarda saƙon murya ne da Auwalu ya turo. Ya gaishe ni gaisuwa mai kyau, ya ce, Baba, na san Nura ɗanka ne, amma ko da wanda ka haifa ne kai zan zaɓa, don na san ba ka son kai. Ba zan ɓoye muku ba, maganar ta yi mini daɗi ƙwarai. Na sa uwarku ta saurara sau biyu.

Nura ya saka mini abin a waya, ya sa na dangwala yatsa. Yana tashi ya ce, "Af, Baba, in rigima ta taso akwai wa'adi fa."

Na ce, "Na ji."

Kuma na ji ɗin, ban taɓa musun haka ba. Amma ku gaya mini, wane wa'adi ne a duniyar nan ba a ɗagawa? Alƙali na sa rana, ka je ka ce ranka ya daɗe muna kan sulhu a gida, ya ce madalla, ya ƙara muku. Dagaci haka. Ranar biki ma ana ɗagawa in an yi rasuwa. Wa'adin da na sani ba ya ɗaguwa guda ne, na mutuwa, ban kuwa zaci yara biyu sun ƙera irinsa a cikin waya ba.

Aka auna gona, aka nuna iyaka, aka yi shaidu, Nura ya miƙa ta ga wakilin Auwalu. Saura kawai su haɗa mukullansu. Lokacin ɗorawa ta yi fure, jajayen nan masu reto kamar tuntun hula. Auwalu ya sa aka zagaya masa gonar da waya yana kallo daga can, sai ya hango tsohuwa a gindin itaciyar ta ɗaga kai tana duba furen. Ya tambaya wace ce, aka ce Goggo Abu ce, mai ɗorawar. Ya ce wace irin mai ɗorawa, a gonarsa? Shi ya riga ya tsara, daidai nan zai haƙa rijiyar burtsatse ya sa sola ya yi noman rani, inuwar nan kuma ta cinye masa wuri, cire ta zai yi. Nura ya ce ai ba tasa ba ce balle ya sayar. Auwalu ya ce me ya sa ba a rubuta ba? Nura ya ce wa yake rubuta abin da kowa ya sani? Auwalu ya ce shi bai sani ba. Har yau ban tabbatar ba ko ya manta ne da gaske, ko zaman waje ne ya sa ya ga al'adar ba ta hau kansa ba. Yaron da ya sha garin ɗorawar nan da bakinsa. Ya ce ko dai a cire itaciya, ko a fasa ciniki. Nura kuwa ya riga ya yi alkawari da mai adaidaita a Kano, ya ce ba a fasawa. Ya danna nasa mukullin, Auwalu ya ƙi danna nasa.

Sai wayata ta yi ƙara. Na duba na ga gida biyu na dannawa a fuskarta, ɗaya kore da sunan Nura, ɗaya ja da sunan Auwalu, a ƙasa kuma wasu lambobi suna ta canjawa. Na ɗauka agogo ne. To agogon ne, ashe baya yake tafiya.

Ni kam tun a ranar na san maganin rigimar, don na raba irinta ba sau ɗaya ba. Auwalu ya riƙe gonarsa. Ɗorawa ta zauna ga Yaya iya rayuwarta, tsohuwa ce, in ta koma ga Allah 'ya'yanta su bar wa Auwalu. Nura kuma ya rage wani abu a kuɗin saboda inuwa. Rijiya a matsa da ita gabas kaɗan, ruwa ai ba a gindin ɗorawa kaɗai yake ba. Kowa ya samu, kowa ya rasa kaɗan. Na kira Nura na faɗa masa, na miƙa masa wayar.

"Nuna mini inda zan danna wannan."

Ya juya wayar ya ce, "Babu, Baba. Ko kore ko ja."

"Babu tsakiya?"

"Babu. Sai dai in mu biyun mun yarda mu sake sabuwar yarjejeniya."

Na ce, "To wannan ai ba sulhu kuka kira ni ba, dambe ne, dole sai wani ya sha ƙasa."

Ku duba halin da nake ciki. In na danna kore, na ba ɗan ƙanena, Auwalu na cikin fushi, kuma ya riga ya faɗi abin da zai yi wa itaciyar. In na danna ja, na rushe ciniki bayan an yi shaidu, Nura ya nemi wani mai saye, wataƙila bare daga birni wanda ba ya jin nauyin kowa a garin nan, ɗorawar Yaya ta koma hannun da ba ni da iko da shi. Duka biyun ita ce za ta kwana a ciki, ita da ba a ma sa sunanta a akwatin ba. Hanya ɗaya ce, Auwalu ya sauko. Na kira shi. Ina jin numfashinsa na san bai huce ba, maganar kirki ba za ta shiga ba. Ban ja da shi ba. Na tambaye shi aiki, na tambaye shi zafin garin, na ce ya sa mu a addu'a in ya je Harami, maganar gona kuma za mu yi ta a hankali. Ya ce, Baba, lokaci fa. Na ce lokaci na Allah ne.

Washegari na tafi wurin Garba, na same shi yana ɗaure wa jakinsa mangalar taki. Na zayyana masa komai. Ya ce wallahi hukuncina ya yi, ko shi aka ba haka zai yanke. Na ce to ka kira shi ka faɗa masa. Sai ya sunkuyar da kai yana wasa da igiya.

"Hamisu, ka san tsakanina da yaron nan."

Na sani. Ɗan fari ne. Garba mutumin da ne, tunda aka haifi Auwalu bai taɓa kiran sunansa ba, bai taɓa zama ya yi doguwar magana da shi ba, ko waya ce in ya kira gida sai Garba ya miƙa wa wani ya fita zaure. Uwar yaron ma haka. Kunya ce, ba ƙiyayya ba, kuma ni ba zan ce wa mutum ya yar da kunyar ɗan farinsa saboda itace ba. Muka yanke a bi ta wurin kawun Auwalu da ke Tofa, ƙanen uwarsa, wanda shi ya yi masa hanyar tafiya kuma yaron ba ya ƙetare maganarsa. Na hau mota na je Tofa, aka ce ya tafi gaisuwar mutuwa. Na dawo. Na sake komawa na same shi, muka yi magana ta fahimta, ya ce in bar masa, amma ba zai faɗa masa kai tsaye ba, sai ya fara shafa shi tukuna. Na ce haka ake yi.

Duk wannan lokacin wayar tana ta ƙara, safe da yamma. Uwarku ta ce, "Malam, abin nan fa kuka yake yi, ka duba shi."

Na ce, "Ya yi ta yi. Ni zai koya wa sulhu?"

Na saka ta a aljihun babbar rigar da ke rataye na fita harkata. Nura yana zuwa gaishe ni, yana tambaya ya ake ciki, ina cewa ana kai. Bai sake ambata mini wa'adi ba ko sau ɗaya. Na sha zama ina tunanin wannan. Ko ya ɗauka na sani ne, ko kunyar matsa wa babba ce, ko kuwa ya san inda abin zai faɗa in an yi shiru. Na tambaye shi daga baya ya rantse, ni kuma ba na shiga zuciyar mutum. Allah shi ya sani.

Abin da ya fi ci mini rai, sulhun yana tafiya. Kawun ya aiko cewa Auwalu ya yi laushi, har ya yi dariya da aka tuna masa yadda Goggo Abu ta taɓa korar su da gora suna satar ɗorawa. Ya ce zai kira ni bayan Juma'a a ƙarasa. Na je na yi wa Yaya albishir, ta ce Allah ya yi mini albarka. Ana gobe Juma'ar, ina karyawa, Nura ya shigo ko sallamar kirki bai yi ba.

"Baba, kuɗin sun shigo."

Na ajiye ludayi na ce, "Auwalu ya danna?"

"Bai danna ba."

"To ni ma ban danna ba. Wayar tana cikin riga. Wa ya danna?"

"Ba wanda ya danna, Baba. Wa'adi ne ya cika. Haka aka tsara, in alƙali ya yi shiru har lokaci ya ƙare, tunda an riga an miƙa gona, mai sayarwa ake ba."

Na ce wa ya ba shi? Ya ce yarjejeniyar. Na ce takarda tana da hannu ne? Ya ce irin wannan ita ke aiwatar da kanta. Na ce to a mayar, a sake kulle akwatin, mu ƙarasa maganarmu. Ya ce akwatin ya rufe ke nan har abada, ba a komawa. Na ce kai da ke riƙe da kuɗin yanzu, tura masa abinsa da hannunka. Ya ce to, zai duba. Da la'asar aka ce mini ya hau motar Kano.

Auwalu bai kira bayan Juma'a ba. Saƙon murya ya turo, gajere, ba zagi ba ɗaga murya, da ma zagin ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya ce, Baba, na gode, na gane. Ya ce, ni da na ce kai ne ba ka son kai, ashe ba sai ka danna ba ma. Daga nan na kira, na kira, ba ya shiga, aka ce mini ya toshe lambata. Kafin mako ya zagayo maganar ta gama gari. A bakin masallaci in na iso sai hira ta canja. Garba bai taɓa ce mini uffan ba, har yau muna gaisawa, amma tabarmar da muke zama a ƙofar gidansa bayan la'asar ya daina shimfiɗa ta. Masu kawo mini rigimar gona ma suka ɗauke ƙafa ɗaya bayan ɗaya. Sai kuma labari ya zo ta bakin wakilinsa cewa Auwalu ya ce tunda an cinye kuɗinsa cif ba ragi, gona tasa ce da duk abin da ke tsaye a cikinta.

Yaya Abu ta zo gidan nan da mayafinta na fita unguwa da takalmanta na kirki, ta tsaya a tsakar gida ta ƙi zama.

"Hamisu, tashi ka kai ni."

"Ina, Yaya?"

"Wurin wanda ya yi hukuncin. An ce ba kai ba ne. To kai ni wurinsa in durƙusa. Ni tsohuwa ce, zai ji kunyata."

Na ce, "Yaya, babu kowa."

"Ya mutu ne?"

"Ba mutum ba ne."

"To ofishinsu fa? Ko Kano ne ina da kuɗin mota."

Na ce ba su da ofis. Ta dube ni irin duban da take yi mini ina yaro in na yi ƙarya. Ta ce ita ta ga zamanin alƙalai masu tsanani, ta ga na soja, ba ta taɓa jin hukuncin da ba shi da mai shi ba. Ko sarki ne ana samun mai kai masa kuka. Ni kuma ina tsaye, na buɗe baki in yi mata bayanin na'urori birjik da ke shaida, sai na ji maganar ba ta da kai a bakina, na rufe. Uwarku ce ta kama hannunta ta zaunar da ita ta kawo mata ruwa.

Ban zauna ba, kada wani ya ce muku na zauna. Na sa wani malamin makarantar boko ya rubuta wa masu manhajar, wato abin nan da Nura ya saka mini a waya. Amsa ta zo da Turanci, ya fassara mini, wai suna baƙin ciki, amma yarjejeniya ta yi aiki daidai yadda aka rubuta ta, su ma ba su da mukulli. Na ce to su wa ke da shi? Ya ce ku ukun, kuma an gama. Na je wurin dagaci, ya ce ko tantama babu ɗorawa ta Abu ce, shaidun rabon gado ma biyu suna raye. Ya ce zai sa a kira wakilin Auwalu a zauna, amma a bari a gama hidimar auren da ake yi a gidan Garba, kada a ɓata musu taro. Na ce haka ne, ya kamata. Da bakina na ce haka ne.

Ina gonata ina watsa taki da rana tsaka na jiyo kukan inji daga yamma. Na ɗauka masu niƙa ne. Da na ji ya ƙi tsayawa, kuma ba daga cikin gari yake fitowa ba, sai na yar da kwandon na kama hanya. Rabona da gudu tun ina saurayi, ranar na yi. Kafin in isa, sai na ji ƙasa ta girgiza a ƙafata. Wasu mutane ne baƙi da injin sare itace, daga wani gari aka ɗauko su, ta waya aka yi ciniki da su, ta waya aka biya su, ba su san kowa ba a nan. Na yi musu faɗa har muryata ta dishe, babbansu ya ce, Baba, mu aiki aka ba mu, ka yi haƙuri. Itaciyar da mutum uku ba sa haɗa hannu a gindinta tana kwance ta cika rabin gonar, sararin sama ya buɗe a wurin, har wurin ya zame mini baƙo.

Yaya ta riga ni zuwa. Ba ta yi kuka ba, ba ta kula masu injin ba. Tana tsakanin rassan da ƙwarya a hannu, tana tsinkar ɗorawar ɗaya bayan ɗaya. Ɗanya ce shar, ba ta yi gari ba, kalwar cikinta ba ta ƙosa ba, ba abin da za a yi da ita, ita ma ta fi kowa sani. Da an ƙara mata ɗan lokaci kaɗan da ta nuna. Na matsa kusa na ce, Yaya, bari in kai ƙara gaban alƙali, wallahi sai an biya ki. Ba ta ɗago ba. Ta ɓare guda da farce, ta duba cikinta, ta jefa a ƙwaryar.

"Hamisu, kai da ka iya sa mutane jira, ka rasa wanda za ka ce wa ya jira ta nuna?"

Na durƙusa na kama tsinka tare da ita har ƙwaryar ta cika.